Delbert, Direban Jami'o'i Goma

Kafin gari ya waye Delbert Hruska yana cikin bas da tsintsiya. Shekara ashirin da shida yana jigilar 'yan wasan jami'o'i goman da ke gasa ɗaya a yankinmu. Ni makanike ne a garejin da ake ajiye bas ɗin. Bai cika magana ba, shi ya sa muke shiri.

Shekarar da 'yata Jolene ta gama sakandare, jami'a biyu suka ce ta zo ta yi musu gudu, karatu kyauta. Ɗaya ita mujallu ke sawa a saman jerin jami'o'in goma duk shekara, ɗayar kuma ta takwas. Yarinyar kuwa ilimin haɗa magunguna take so. Uwarta har ta sayo rigar ta saman.

Na kawo mujallar gareji. Delbert ya duba, ya miƙo min.

"Wanda ya rubuta wannan ya taɓa share bas?"

"Kai dai faɗi, tsoho."

"Ta sama akwai malamai, ba ƙarya. Amma duk littafin da 'yan gudunsu suka manta a kujera iri ɗaya ne. Koci ke zaɓa musu kwas mai sauƙi. 'Yan ta takwas ɗin nan sun ishe ni, Marvin. Sau uku ina zaman jira a Iowa, wai sai yarinya ta gama jarrabawa a ɗakin otel."

"To me zan ce wa uwarta?"

"Kai? Ka isa? Jolene za ka gaya wa. Ta tambayi kowane koci: in ajin gwaje-gwaje ya faɗo lokacin atisaye, wanne za a bari?"

Ta buga waya. Kocin ta sama ya yi minti goma yana yabon ɗakin karatunsu, bai amsa ba. Na ta takwas ya ce, "Atisaye. Sai ki yi gudunki da safe."

Can ta tafi. Uwarta ta yi sati biyu ba ta kula ni ba. Jolene ba ta taɓa cin kofi ba, amma ta fito da digirin da ta je nema.

Ban iya godiya da baki ba. Birkin motar Delbert dai ni nake gyarawa har ya daina tuƙi.

Ganina da shi na ƙarshe a kantin maganin da Jolene ke aiki ne, ya tsufa, yana dogara sanda. Wani ma'aikaci ya ce masa ya matso, layinsa ba kowa. Ya girgiza kai, ya koma bayan mutum shida a layinta da takardar likita a hannu.