Ba Gudu Bello Ya Yi Ba

Da safen nan na tashi kamar kullum. Na hura wuta, na dama koko, na kai wa Inna, uwar mijina, nata a ɗaki. Idanunta sun daɗe da rufewa, sai an sa mata ludayi a hannu. Mijina Bello yana zaure tun bayan asuba. Baduku ne kamar ubansa. Ranar yana yankan jar fatar da zai ɗinka wa wani ɗan kasuwa matasai, ina jin wuƙarsa tana gogar katako daga tsakar gida. 'Yarmu Saude, mai shekara biyar, tana kusa da shi tana tsince guntayen fata. Ni kuwa cikina ya tsufa, sunkuyo ma da ƙyar nake yi.

Gidanmu yana wani lungu ne bayan Ƙofar Taramniya. A ɗakunan gaba muna da 'yan haya, Ɗanladi kafinta da matarsa Rahila, malamar firamare. Kiristoci ne daga ƙasar Jos. Mun daɗe tare, randa ɗaya muke shan ruwa.

Zamanin mulkin soja ne, arzikin mai ya shigo ƙasa. Ana ta shimfiɗa kwalta, manyan motocin siminti daga Kalambaina ba sa yankewa a titi. Sojoji kuwa tun da aka gama yaƙin basasa suka cika gari, ba mai iya ce musu kanzil. Ana gobe abin zai faru, da la'asar, wata motarsu ta take wani mai tura kurar ruwa a bakin titinmu, ya mutu nan take. Direban ya so ya wuce. Jama'a suka tare shi, suka jawo shi ƙasa, suka yi masa dukan kawo wuƙa. Bello ba ya wurin, yana can wajen majema. Da ya dawo ne ya ji labari, kamar yadda na ji. Ba mu san sojan ya cika a asibiti ba.

Hantsi bai gama ɗagawa ba muka ji motoci. Ba ɗaya ba ce. Sun tsaya a bakin lungu, injinansu ba su mutu ba. Sai ƙarar takalma, sai usur. Daga nan harbi ya tashi, sau biyu, sannan a jere. Tantabarun maƙwabta suka watse sama.

Bello ya turo Saude cikin gida, ya ce mini kada in fito ko me na ji. Kafin ya ja ƙyaure sun iso.

"Maza duka waje! Waje!"

Na laɓe bayan ƙyauren zaure. Katakon yana da tsaga, ta nan na ga komai. Sun fito da mazan lungun, tsoho da saurayi, suka durƙusar da su a jere a jikin katanga, hannu a kai. Akwai Malam Isa mai shago, da ladanin masallacinmu da carbinsa a hannu. Bello yana kusa da ƙarshe, Ɗanladi a gefensa da singileti kawai, garin katako a gashinsa. Suna tambayar wa ya taɓa ɗan'uwansu. Ba wanda ya amsa. Suka fara bin layi da gindin bindiga da bel.

Wani kofur ya tsaya a kan Ɗanladi. Ya ga sarƙar gicciyen da ke wuyansa, ya yi masa magana da yarensu. Daga baya Ɗanladi ya gaya mini cewa ya yi masa ya tashi ya tafi, shi ba ya cikin waɗannan. Abin da ni na ji da kunnena shi ne amsar da ya bayar, da Hausa, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Nan ne gidana. Waɗannan maƙwabtana ne. Ba inda za ni."

Kofur ɗin ya buga masa gindin bindiga a kunne. Ɗanladi ya kife, ya yunƙura, ya koma ya durƙusa a wurinsa.

Ladan tsoho ne, gwiwarsa ba ta jure durƙuso. Ya zame ya zauna. Wani soja ya hau shi da takalmi. Bello ya sauke hannu daga kansa, ya miƙe. Bai ɗauki komai ba, bai zagi kowa ba. Ya miƙa hannu ne ya ɗaga tsohon. Ya ce, "Dattijo na, ku bar shi hakanan."

Wani mai tabo a haɓa ya juyo ya harbe shi a ƙirji. Sau ɗaya. Bello ya koma baya ya jingina da katanga, ya sulale ƙasa. Hularsa ta faɗi. Ƙafarsa ta dama ta yi motsi kaɗan, ta tsaya.

Ban yi kuka ba. Na kama sakata zan buɗe, Rahila ta riƙe ni ta baya, ta toshe mini baki da tafinta. Na cije ta har jini ya fito, ba ta sake ni ba. Ta tsagar na ga sun ɗauki Bello, biyu a hannu biyu a ƙafa, suka jefa shi bayan mota. Suka tasa sauran a gaba, har da Ɗanladi. Sannan na ji warin fetur.

Daga shagon Malam Isa suka fara. Bazara ce, komai ya bushe. Wutar ta kama rumfuna, ta tsallako zaurenmu inda fatu suke jibge. Hayaƙin fata baƙi ne, yana shaƙe mutum. Inna tana ɗaki tana kiran sunan ɗanta, tana tambayar me ke ƙonewa.

Rahila ta cire ɗankwalinta da zanen sama, ta durƙusa, ta goya Inna kamar jaririya. Na kama hannun Saude. Ba mu ɗauki komai ba, ko takalmi ban sa ba. A bayan gida akwai inda damina ta zubar da katanga aka tare da zana. Na yage zanar muka fita.

Lungunan baya cike suke da mata da yara. Matan da ban taɓa ganin fuskarsu a waje ba suna gudu ba mayafi. Wata tana rungume da tukunya, ba ta ma san tana riƙe da ita ba. A bakin wani titi muka ga mota ta tare hanya, soja a samanta.

"Ku koma! Ku koma ciki!"

Ciki wuta ce. Muka kauce ta wani kango, muka bi ta bayan gidaje muka yi arewa. Ina da ƙanwar uwa a Dundaye, can na nufa da su. Wani mai jaki ya ce mana kada mu bi ta gada, an sa shinge ana sauke maza ana duka. Sai muka gangara fadama.

Rana ta take. Ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Saude ta daina kuka, tana bin mu kawai bakinta a buɗe. Inna ta yi ta roƙon Rahila ta sauke ta a gindin wata bishiya mu tafi, ta ce ita ta gama nata zamanin. Rahila sai ta ƙara ɗaure zanen. Marata ta riƙa ɗaurewa tana saki. Duk lokacin da ta ɗaure sai in tsaya in dafa gwiwa, in ce wa abin da ke cikina ba yau ba.

Gulbi ya janye, ruwan iya ƙugu ne. Wasu masu noman albasa suka bar aikinsu suka taimake mu. Ɗaya ya ɗora Saude a wuya, biyu suka tallafi Rahila. A tsakiyar ruwa Inna ta juyo da fuskarta wajena ta ce, "Kulu, ina Bello?"

Na ce yana baya.

Muka haye. Sannan ta ce, "Kin gani da idonki?"

Na ce na gani. Ba ta sake tambaya ba.

Ana kiran azahar muka shiga Dundaye. Daga can ana hango hayaƙi a kan birni.

Da yamma aka kunna rediyo a gidan da muka sauka. Aka ce an samu 'yar hatsaniya a wata unguwa, gobara ta tashi daga murhun wata mata, jami'an tsaro sun taimaka an kashe ta, ba a rasa rai ba. Na tashi na fita waje don kada in fasa musu rediyo.

Bayan 'yan kwanaki aka sako mazan. Ɗanladi ya zo Dundaye a bayan keken wani, fuskarsa a kumbure, kunnen hagu ya mutu. Ya zauna a ƙasa gaban Inna ya faɗa mata komai. Ya ce a motar kan Bello a cinyarsa yake, shi ya rufe masa ido, ladan ya yi masa addu'a. A ƙofar bariki aka sauke masu rai, motar ta wuce da gawa. Ba wanda ya san inda ta nufa.

'Yan'uwan Bello sun je bariki neman gawar. Aka ce musu ba a kawo mai wannan suna ba. Da suka koma, aka ce wataƙila yana cikin waɗanda suka doki sojan, ya tsallake iyaka ya gudu. Aka kuma ja musu kunne. Suka dawo suka ce mini in yi haƙuri in bar wa Allah. Na ce na bar wa Allah sakayya, amma ban bar wa kowa ya ce mijina ya gudu ya bar uwarsa makauniya da mata mai ciki a cikin wuta ba.

Da surutu ya yi yawa a gari, gwamnati ta kafa kwamiti ya ji ba'asin gobarar. Gobara suka kira ta. Na ce za ni. Yayan Bello ya ce mace mai takaba ba ta shiga taron maza. Inna ta ce daga kan tabarmarta, "Ku bar ta ta tahi. Ita tag gani."

Rahila ta raka ni. Ɗakin taron cike yake. Manya uku a kan tebur, ɗaya da kaki, ga sojoji tsaye a bakin ƙofa. Na ba da labari tun daga ƙarar motoci har warin fetur. Na kwatanta mai tabo a haɓa. Mai kakin ya bari na gama, sannan ya tambaye ni cikin taushin murya ko ba hayaƙi ne ya ruɗe ni ba, tunda ga halin da nake ciki, kuma ta tsagar ƙyaure mutum ba ya gani sosai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sa'ad da anka halbe shi ba a kunna wuta ba tukuna. Mijina ba gudu yay yi ba. Ku ba ni gawatai in rufe, ko ku hwaɗa min inda kunka kai shi."

Aka ce in zauna, na ce a tsaye zan jira amsa. Sai da Rahila ta jawo ni na zauna. Bayana Ɗanladi ya tashi ya faɗi nasa, yana karkata kai don ya ji tambayoyinsu da kunne ɗaya. Bayansa ladan ya tashi. Mutanen lungunmu da suka zo kallo kawai suka fara ɗaga hannu ɗaya bayan ɗaya, har aka ɗage zaman.

Ba mu taɓa jin abin da kwamitin ya yanke ba. Ba a hukunta kowa ba. Amma tun daga ranar ba wanda ya sake cewa Bello gudu ya yi, ko a gabana ko a bayan idona.

Na haihu a Dundaye farkon damina, namiji. Muka koma lungu muka sake rufin ɗaki ɗaya. Malam Isa bai sake buɗe shago ba, ya koma ƙauyensu. Ladan bai ƙara iya tsayuwa ya kira salla ba. Ɗanladi da Rahila sun zauna da mu har aka yi mata canjin makaranta.

Inna ba ta koma birni ba. Ta ce ba ta iya bi ta ƙofar gidan nan. Kafin a yaye yaron ta rasu, aka rufe ta a Dundaye, kusa da wata tsamiya. Ita dai mun san inda take.