Laccar Guringuntsi da Yatsun Sale Dillali

Ranar da na yi wa masu ɗori lacca ba ta taɓa barin raina ba, amma kafin labari sai in faɗi madogarata. Guda biyu ne: littafin da nake rubuta ayyukana a lokacin, wanda gara ta cinye shafinsa na farko, da abin da Sista Rifkatu, nas ɗinmu 'yar Filato, take iya tunawa. Mun yarda a tsakiyar shekarun casa'in ne, da damina. A kan ainihin shekarar kuwa har yau muna musu.

A lokacin ban daɗe da kammala digiri a ilimin aikin sassan jiki ba, aka tura ni sashen lafiya na wata ƙaramar hukuma a ƙasar Gumel. Sau da yawa akan kawo mana mai karaya wanda mai ɗori ya matse masa gaɓa da kara da tsumma har jini ya daina gudana, nama ya fara ruɓewa. Saboda haka shugaban sashe, Alhaji Bala, ya tara masu ɗori daga Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari, ya ɗora mini jawabi.

"Malam Nuhu, magana ɗaya nake so," in ji shi. "Kada a matse ɗauri. Ka faɗa sau goma, a sha lemo, a watse."

Na ɗauki wannan a matsayin raini ga digirina. Na shafe mako ina shiri. Na bayyana musu cewa a cikin ɓargo akwai ƙwayoyin halitta na asali, waɗanda ba su riga sun zama komai ba, kuma idan ƙashi ya karye su ne ke taruwa a wurin. Masu bincike sun lura cewa inda iskar oksijin da jini ke kaiwa ta yi ƙaranci, ƙwayoyin sukan zama guringuntsi, irin wanda ake taunewa a kan ƙashin kaza. Shi ne ke fara haɗa karayar kafin ya rikiɗe ya zama ƙashi. Don gudun ƙarya, na ƙara da cewa ba a gama sanin iyakar wannan ƙaranci ba. Maganar ɗauri kuwa na bar ta sai ƙarshe, bayan an shigo da lemo.

Malam Ilu, dattijon masu ɗorin Maigatari, ya miƙe.

"Malam likita, kana nufin ƙarancin iskar nan ne ke haɗa ƙashi?"

"A wani mataki, kuma bisa wasu sharuɗɗa..."

"Alhamdu lillahi! Shekara arba'in ana zagin mu, yau boko ya iso inda kakanninmu suka tsaya."

Aka yi tafi. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, kaina ya kumbura. Ko da na iso maganar ɗauri, hankalin kowa ya koma kan lemo.

Bayan mako biyu aka kawo Sale, wani dillalin shanu da bijimi ya tunkuye a kasuwar Alhamis. Hannunsa na dama da ya karye, aka matse shi da kara da tsumma, ya kumbura, yatsun sun yi baƙi, sun yi sanyi. Sista Rifkatu tana yanke tsumman da almakashi tana tambayarsa abin da ya hana shi kwancewa da azaba ta yi yawa.

"Wallahi na roƙi Malam Ilu, Sista. Ya ce likitan gwamnati ne da bakinsa ya ce a hana ƙashi iska."

Ta juyo ta dube ni. "Ga likitan gwamnatin nan. Farfesa, zo ka riƙe mana hannun, ka yi wa yatsun bayani."

Na riƙe. Muka tura shi babban asibiti. Hannun ya tsira, amma yatsu biyu ba su tsira ba, a hannun da yake riƙe igiyar dabba da shi.

Alhaji Bala bai ba ni takardar tuhuma ba. Cewa kawai ya yi, "Ni ban san guringuntsi ba sai a cikin miya, amma ban taɓa cire wa kowa yatsa ba."

Tun daga ranar na koyi cewa a aikinmu ba a auna magana da daidaitonta kaɗai, sai da abin da hannun mai sauraro zai aikata da ita in ya koma gida. Na sake karanta jawabin nan sau da dama da jan biro a hannu. Ban sami jimla ɗaya da zan soke ba. To, idan kowace jimla daidai ce, kuma Sale ya rasa yatsu biyu, a wane layi zan rubuta kuskuren?