Gamja Zai Je Duba Maigida

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan rumfata tana jingine da ta Byeon Mal-sun a kasuwar unguwarmu ta Yeongdo, a birnin Busan. Ni, In-ja, gyaran tufafi nake yi, ita kuma busasshen kifi da ganyen teku take sayarwa. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata. Gajeriya ce kakkaura, mai muryar da in ta kira mai saye daga bakin kasuwa, har masu gyaran jirgi a can gangare sai sun ɗaga kai. Tana budurwa ta zo Busan daga wani ƙaramin tsibiri, ta yi aikin gyaran kifi har hannayenta suka yi kanta, sannan ta auri Tak Yong-gil, mai walda a wurin ƙera jiragen ruwa. 'Yarsu ɗaya, Hye-ran, tana aiki a Seoul. Ban taɓa jin Yaya ta yabi wani abu ba. Idan miya ta yi daɗi, sai ta ce ana iya ci.

Karen ba nata ba ne. Mijinta ne ya tsinto shi yana ɗan kwikwiyo a ƙarƙashin tarin ƙarafa, a shekararsa ta ƙarshe a wurin aiki, ya kawo shi gida cikin hular walda. Ya sa masa suna Gamja, wato dankali, saboda launinsa da yadda ya dunƙule. Kullum da safe su biyun sai su hau dutsen bayan unguwa su sauko, Yaya tana mitar cewa tsohon nan ya fi hira da kare a kan matarsa.

Sai ga shi wata rana a lokacin kaka Baban Hye-ran ya faɗi a tsakar ɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bayan asibiti aka mayar da shi wani gidan kula da tsofaffi a ƙetaren gada. Harshensa ya yi nauyi, shi kuma mutum ne mai jin kunyar a ga gazawarsa, sai ya daina magana gaba ɗaya. Yini yake yi yana kallon taga.

Gamja kuwa in an bar shi a gida kuka yake yi har maƙwabta su kawo ƙara, dole Yaya ta riƙa zuwa da shi kasuwa. Nan fa ya samu duniya. Mai wainar kifi ta ba shi, mai soya kaji ya ba shi, Pyo mahauci kuma har kwano ya ajiye masa a ƙarƙashin teburi. Kafin shekara ta zagayo ya zama kamar buhun shinkafa mai ƙafafu. Ga haushi: duk babur ɗin da ya shigo da kaya sai ya bi shi da ihu har bakin titi.

Ana cikin sanyin ƙarshen shekara Yaya ta je duba mijinta. Tana ɓare masa lemo, sai ta ji ya buɗe baki da ƙyar ya ce, “Gamja fa?” Wata da watanni ke nan bai furta komai ba. Ta tambayi shugabar masu jinya ko za ta iya kawo karen. Matar ta ce ana barin karnuka su shigo, amma sai waɗanda suka ci jarrabawar ladabi ta karnukan ziyara, likita kuma ya tabbatar da lafiyarsu. Yaya ta dawo kasuwa ta ba ni labari, ta dubi Gamja yana kwance yana lasar takardar naman Pyo.

Ranar farko ta sabuwar shekara muka sauka bakin teku kallon fitowar rana, kamar kowace shekara. Mutane cike, kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi, matan unguwa suna rabon miyar wainar shinkafa mai zafi. Da rana ta ɓullo daga cikin ruwa, jawur, sai wurin ya yi tsit, kowa ya haɗa tafukansa yana faɗin burinsa a zuci. Ban da Yaya. Ita da muryar kasuwa ta faɗi nata.

“Bana karen nan zai sauke tumbi. Zai daina haushin banza, zai koyi zama in an ce ya zauna. Kuma kafin shekara ta fita, da ƙafarsa zai shiga ya gaida tsohon nan.”

Mutane suka juyo, wasu suka yi dariya, wasu suka tafa. Pyo mahauci da ke bayanmu ya ce in har Gamja ya ci jarrabawa, shi zai aske kansa ƙwal. Yaya ta ce ya fara wasa aska. A daidai lokacin Gamja ya zura baki cikin kwanon miyar wata baiwar Allah.

Washegari ta bi rumfa-rumfa tana kafa doka: duk wanda ya ƙara ba Gamja ko da ƙashin kifi ne, ita da shi. Ni aka ɗora wa gadi, tunda kekena na ɗinki yana fuskantar layin. Hawan dutse kuma ya dawo, sai dai yanzu Yaya ce riƙe da igiya. Ranar farko ko rabin hanya ba su kai ba, ita tana haki, shi yana haki, suka zauna kan benci suna hararar juna. Ta dawo tana ɗingishi amma fuskarta sai ƙyalli take, ta ce gobe sai sun wuce bencin nan.

Hye-ran ce ta samo mata ajin horon karnuka da ake yi duk Asabar a filin wasa na gunduma. Mai koyarwar, Malama Yeo, mace ce doguwa mai furfura, ba ta ɗaga murya. Na raka Yaya zuwan farko. Malama Yeo ta tsaya tana kallo Yaya tana daka wa Gamja tsawa ya zauna, shi kuma yana kaɗa wutsiya yana kallon tsuntsaye. Can ta matso ta ce karen ba shi da laifi, kunnensa ne ya saba da tsawa har ta zame masa kamar ƙarar mota. Ta ce a yi masa magana a hankali, kuma duk lokacin da ya yi daidai, a ba shi ɗan guntun busasshen kifi a yabe shi nan take, da murya mai daɗi.

“Yabo kuma?” in ji Yaya. “Don ya ajiye gindinsa a ƙasa?”

“Don haka ɗin,” in ji Malama Yeo. “Gwada mu gani, Maman Gamja.”

Yaya ta ce ita 'ya ɗaya ta haifa, kuma ba ta da wutsiya. Amma ta gwada. Da karen ya zauna, ta murtuke fuska ta ce masa ya yi ƙoƙari, kamar mai karanta hukunci a kotu. Duk ajin suka fashe da dariya. Sai da aka yi makonni kafin muryar ta saki. Wata safiya ina ɗinki na ji wata siririyar murya a rumfar kusa tana cewa, “Yawwa ɗan albarka, yawwa yaron kirki.” Na leƙa in ga wace baƙuwa ce, sai na ga Yaya durƙushe gaban Gamja. Ta ce in na faɗa wa wani sai ta cusa mini kifi a keken ɗinki. Kafin azahar duk kasuwa ta ji.

Daga nan abu ya fara tafiya. Gamja ya koyi zama, ya koyi kwanciya, ya koyi jira. Babur zai wuce, ya ɗaga kunne, ya dubi Yaya, ta ce masa ya bari, ya bari. Ranar da ya fara yin haka sai da ta ba mai babur ɗin ƙunshin ganyen teku kyauta, mutumin ya tafi bai san dalili ba. Tumbin ne dai ya ƙi sauka yadda ake so, har sai da na kama Pyo yana miƙa masa kitse ta bayan labule. Yaya ta je ta tsaya gaban teburinsa, ba ta yi ihu ba, ta yi masa magana da sabuwar muryar nan mai laushi. Pyo ya ce wannan ta fi tsawar ban tsoro, ya ɗauke kwanon.

Da damina aka yi jarrabawar farko. Gamja ya yi tafiya a gefenta ba ja, ya wuce nama a ƙasa bai taɓa ba, baƙi suka shafa shi ya tsaya. Muna ta murna a zuci. Sai aka turo keken guragu. Bai taɓa ganin irinsa ba. Ya zabura ya tsinke da haushi, ya ja Yaya har ta kusa kifawa, ya shige ƙarƙashin teburin alƙalai. Aka ce su dawo da kaka.

Na ɗauka ranta zai ɓaci. A motar komawa sai ta dafa gwiwata ta ce, “In-ja, kin taɓa hawa keken guragun nan?” Washegari ta aro ɗaya daga ɗakin taruwar tsofaffin unguwa. Da farko ta ajiye shi kusa da rumfa, ta riƙa ɗora guntun kifi a kan matakin ƙafa, har Gamja ya fara ɗaukar keken a matsayin abokin arziki. Bayan nan aka ɗora ni. Duk la'asar in kasuwa ta lafa, Pyo ya tura ni daga wannan ƙarshe zuwa wancan, Yaya da Gamja suna tafe a gefe, mai soya kaji yana yar da faranti da gangan don karen ya saba da ƙara. Mai wainar kifi ta kawo sandar mahaifiyarta tana dogarawa tana tari irin na tsofaffi. Masu saye suka riƙa tsayawa kallo. Wata tsohuwar mai kawo mini ɗinki ta gan ni a keken ta kama hannuna tana hawaye, sai da na miƙe tsaye na taka mata rawa kafin ta yarda lafiyata ƙalau.

Da kaka muka koma, mu wajen goma, har da Pyo ya rufe shago. Da aka turo keken, Gamja ya dube shi, ya kaɗa wutsiya, ya zauna. Aka yar da farantin ƙarfe a bayansa, kunne kawai ya motsa. Likita ya ɗora shi a ma'auni ya ce babu sauran magana. Da aka ɗaura masa ɗan ƙyallen wuya mai ruwan ɗorawa na karnukan ziyara, Yaya ta rungume Malama Yeo har ta ɗaga ta daga ƙasa. A ranar Pyo ya zauna a tsakiyar kasuwa aka yi masa ƙwal, yana cewa dama zafi yake ji.

Ni na raka ta gidan tsofaffin. An yi wa Gamja wanka, Yaya ta sa rigarta ta zuwa biki, sai gyara ƙyallen wuyan take yi. A doguwar barandar ya tafi a gefenta a natse, tsofaffi suna leƙowa daga ɗakuna. Da muka kusa ɗakin ƙarshe sai ya tsaya cak, hancinsa yana rawa. Ya ɗaga kai ya dubi Yaya. Ta ce masa a hankali, je ka.

Baban Hye-ran yana zaune a kekensa, ya ba ƙofa baya. Gamja bai yi tsalle ba, bai yi haushi ba. Ya zagaya ta gabansa ya ɗora haɓa a kan gwiwarsa, yana wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa, wutsiya tana dukan ƙafar gado. Tsohon ya sunkuyo ya daɗe yana kallonsa. Ya sa hannun hagu ya shafa kansa, ya shafa bayansa, ya tattaɓa haƙarƙarinsa. Sannan ya ɗago ya dubi matarsa, ya haɗa kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

“Ke. Ba kya ba shi abinci ne?”

Yaya ta buɗe baki, na ga tsawar ta taso har maƙogwaro. Sai dariya ta ƙwace mata, ta zauna bakin gado tana yi tana share ido da hannun riga. Ta ce masa da ya ga karen a farkon shekara, da bai gane inda kai yake da inda wutsiya take ba. Shi ma gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga. Mai jinyar da ke tsaye a ƙofa ta ruga ta kira 'yan'uwanta su zo su ji Malam Tak yana faɗa.

Yanzu duk Laraba Yaya tana rufe rumfa da rana, abin da ba ta taɓa yi ba ko a ranar da guguwa ta kwashe rufin kasuwa. Sukan fara da ɗakin mijinta, sannan su zaga sauran, don tsofaffin har rigima suke a kan wanda Gamja zai fara zuwa wurinsa. Akwai wata tsohuwar malamar makaranta da ke karanta masa jarida. Baban Hye-ran kuwa kishi ya kama shi, ya ce karensa ne, shi zai riƙe igiya. Mai gasa masa jiki ta ce to, sai dai da hannun dama. Watanni ya yi yana ƙin motsa hannun nan, amma a makon ya fara matsa ƙwallon roba. Larabar da ta wuce, Yaya ta ce, ya riƙe igiyar da kansa tun daga ɗaki har lambu, ita tana tura keken, yana ta yi mata gyara wai tana sauri da yawa.