Ranar da maigidana ya faɗa tafkin ƙanƙara

Shekarun baya, ina direba a gidan wani Balarabe a unguwar Malaz, can ƙasar Larabawa. Maigidana dattijo ne mai son wasan ruwa, irin wanda ake tsayawa kan dogon allo mai ƙyalle kamar fiffike, iska ta riƙa tura mutum. A ƙarshen wani sanyi ya tafi da ni ƙasar Turawa don in riƙa tuƙa shi zuwa wani tafki da yake wasan a ciki.

Da muka isa tafkin, rabinsa fari fat, ƙanƙara ba ta gama narkewa ba. Babu kowa a bakin ruwan. Riga uku na saka, amma haƙorana sai karo suke.

Na ce, "Baba, a bari rana ta yi mana."

Ya ce, "Mafi mushkila, ba matsala. Zauna a mota ka sha shayi."

Da farko tafiya yake kamar tsuntsu. Can iska ta juya, ta maka shi da ruwa. Ya hau allon, ya kama igiyar ƙyallen zai ɗaga, ta suɓuce. Ya sake, ta suɓuce. Hannuwansa sun sandare. Ina kallo iska na jan shi gefen ƙanƙarar, ya kwanta rub da ciki, ya ɗago kai ya dube ni. Bai ma iya kira ba.

Ban iya iyo ba. Ban san lambar da ake kira don neman agaji a ƙasar ba. Ina ta tunanin abin da zan faɗa wa Mama, matarsa, idan na koma ni kaɗai.

Na ɗauko igiyar jan mota, na bi gaɓa da gudu har na yi daidai da shi, na shiga ruwan. Siririyar ƙanƙara na fashewa tana yankar ƙwaurina. Da ruwan ya kai ƙirji numfashina ya ɗauke, salati ma ya ƙi fita. Na yi ta jifa da igiyar, ina kuskure, har Allah ya sa ta sauka kan allon. Da haƙori ya riƙe ta ya naɗa a damtse. Na ja da baya, ina ja ina kuka, har na fito da shi gaɓa.

A mota na kunna hita, muka zauna muna karkarwa.

Tun ranar na san tsoro ba ya hana ƙafa tafiya, amma ba na fatan ƙari. Har yau Baba yana zuwa duk shekara. Ni filin jirgi nake kai shi, in yi masa addu'a, in juyo gida.