Yadda Takalmina Ya Zama Darasi

Ya ku ma'abota hikima, ku shaida: jiya martabata ta riga mu gidan gaskiya a Abuja.

Na kai Zainab, wadda nake nema, baje kolin fasaha da ake yi duk shekara, inda malamai ke gwada sababbin dabarun koyar da zane. Tun a mota na sanar da ita cewa ni gogagge ne a fagen.

A ƙofar zaure na tarar da silifa a jere. Da yake ni ɗan tarbiyya ne, na tuɓe takalmina mai sheƙi, na ajiye a tsakiyarsu.

Sai ga Madam Rifkatu, malamar zane, da ɗalibanta. Ashe silifan nan aikin fasaha ne da suka baje, sun tattaro su daga masu fasa dutse a Mpape.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ɗalibai, wane takalmi ne a nan bai taɓa shan wahala ba?"

Duk suka nuna nawa.

Na sunkuya zan ɗauka, ta ce, "Oga, bar shi tukuna, wani aji na tafe."

Zainab ta ce, "Sannu, gogagge."

Jama'a, da wace fuska zan koma zance?