Gaisuwar Surukin da ta Hana Mu Kafa Tarihin Duniya

Danchadi zuwa Boɗinga

Ana sallame sallar asuba na rataya jaka, na kama hanya a ƙasa, domin kekena ya daɗe a jingine saboda rashin taya. A wannan zamani na tsuke bakin aljihu taya ta zama kamar ƙwan zinariya, albashinmu na malaman firamare kuwa sai dai labarinsa. Amma zuciyata wasai take. Ina tafe ina ganin taubashina Sahabi, ɗan kawuna na Dandin Mahe, yana saukowa daga jirgin sama da lambar zinariya a wuya, budurwarsa Hajo tana share hawaye da gefen gyale, kamar yadda akan yi a shafin ƙarshe na littattafan soyayyar da nake saye a kasuwa.

Ga dalilin tafiyar. Rediyo ya dame mu da labarin Turawan da ke ƙwace wa juna kambun gudun mil ɗaya, wai a ƙasa da minti huɗu. Ni kuwa da idona na ga Sahabi ya kama zomo da hannu a wajen farauta, karnuka na biye da shi. Sai na matsa wa Malam Ladan, wanda muka yi kwalejin horon malamai tare, yanzu yana horar da 'yan tsere a Sakkwato. Da ƙyar ya ce zai biyo ta garin Shagari, ya gwada shi sau ɗaya tak. In ya yi abin kirki, zai kai shi sansanin horo, ci da sha kyauta, da alkawarin ɗan aiki. Ga wanda geronsa bai yi kyau ba bana, kuma yana neman aure, wannan ba ƙaramar ƙofa ba ce.

Boɗinga zuwa Dandin Mahe

A tashar Boɗinga na karya da kunu da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance kamar ƙwallon magarya. Na samu wata akori-kura, aka cusa ni tsakanin buhunan albasa da wani tsoho mai rungume da zakara. Da muka wuce Sifawa 'yan sanda suka tsayar da mu, direba ya sauka, suka gaisa irin gaisuwarsu, muka ci gaba. Bakina ya ƙi rufuwa, na ba 'yan mota labari.

Direba ya leƙo ta taga, ya ce, "Malam, Turawan nan madara sukan sha da nama. Naka mi shika ci?"

Na ce, "Tuwo da fura. Ka ba shi shekara biyu kawai, sai ya shafe sunansu."

Mai zakara ya ce, "Wai shi wanga gudu, wa aka kora?"

"Ba kowa, Baba. Agogo ake tsere da shi."

"Agogo? Ai shi ba ya gajiya, ɗana. Ku sake shawara."

Aka kwashe da dariya. Na ce a raina haka akan yi wa jarumi a farkon kowane littafi.

A Dandin Mahe na tarar da Sahabi yana ban ruwa a lambu, kamar ba yau ce ranar ba. Na ce ya ajiye, kada ya ƙarar da ƙarfinsa. Ya ce, "Taubashi, albasa ba ta san tarihin duniya ba." Sai da ya gama sannan muka hau bayan wata lori.

Garin Shagari

Mun iske Malam Ladan a bakin gari kan babur ɗinsa Besfa, yana duba agogo yana tsaki. Ya ce ɗan man da ke tankinsa da ƙyar ya same shi bayan dogon layi, ba na yawo ba ne. Ya auna mil ɗaya a kan titi da mitar babur, ya kafa sanda a ƙarshe. Ya ba Sahabi gajeren wando da takalman kambas. Sahabi bai saba da takalmi mai igiya ba, ni na durƙusa na ɗaure masa, ƙulli kan ƙulli. Na ari keke wurin wani mai faci.

Ladan ya busa usur. Jama'a, ban taɓa ganin gudu irin wannan ba. Ina taka keke iya ƙarfina, Sahabi na ƙara yi mini nisa. Da muka kai rabi, Ladan ya dubi agogon hannunsa, ya sake duba, ya waiwayo ya daka mini tsawa: "Kai, Bello! Ina ka ɓoye wannan?" Idona ya kawo ruwa. Har na fara tsara abin da zan faɗa wa 'yan jarida.

Muna hango sandar, sai ga jaki ya ɓullo daga wata hanyar gona, da mangalar albasa, da dattijo a bayansa. Malam Magaji ne, mahaifin Hajo, za shi kasuwa.

Na ga Sahabi ya fara rage gudu. Na yi ihu, "Wuce! Wuce, ka gaishe shi daga baya!" Ina! Ya ja birki, ya sauka gefen titi, ya zube. Ya kama takalmi zai cire, ƙullin da na yi ya ƙi kwancewa, ya dinga fama da shi har da haƙori, dattijo na tsaye yana kallo. Sai da ya tuɓe duka biyun ya tsuguna, yana haki.

"Baba, an kwana lahiya?"

"Lahiya lau, Sahabi. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

Ba gajiya! Mutumin da numfashinsa ke fita kamar zugazugi! Aka tambayi gida, aka tambayi kawu da ciwon ƙafarsa, aka tambayi lambu. Agogon Ladan na ta tafiya.

Dattijo ya dube shi sama da ƙasa. "Lahiya dai? Mi ya koro ku? Ina wandonka?"

Na sa baki na ce, "Ranka shi daɗe, gwaji ne. Duniya duka muke so ya tsere wa."

"To, madalla. Tun da Allah ya kawo ka, Sahabi, kama mini mangalar ga, ta karkace."

Ya tashi ya kama. Malam Ladan ya danna agogonsa, ya karɓi takalmansa, ya ce mini, "Ƙafa akwai ta, Bello, ban taɓa auna irinta ba. Amma ni ba zan kai wa manyana guntun mil da gaisuwa ba." Na roƙe shi a sake. Ya nuna mini tanki, ya ta da babur.

Komawa

A rumfar mai fura na sauke wa Sahabi duk abin da ke cikina. Na ce, "Taku kaɗan ya rage! Duniya na jiranka, ka tsaya ɗaurin mangala!"

Ya kurɓi fura, ya ce, "In na wuce shi a guje, da gajeren wando, da takalmi a ƙafa, kai ka san kahin la'asar magana ta kai Dandin Mahe. Duniyar taka za ta ba ni ɗiya?"

"Da ka dawo da zinariya, ai da kansa zai kawo ta!"

"A littahinka. Malam Magaji bai karanta shi ba."

Maganar ta ƙara ba ni haushi. Mota ba ta samu ba sai bayan la'asar, ita ma ta mutu kusa da Sifawa, muka tura. Na shiga Danchadi ana kiran magariba, ƙafafuna sun kumbura.

Masu tambayata ko har yanzu ina kan bakana, ina nan. Sahabi zai iya shafe sunan Turawan nan, in dai an samu titin da babu surukinsa a kai, ni kuwa ban san irin wannan titi a ƙasar Sakkwato ba. An sa ranar aurensa bayan an cire albasa, kuma wai ni ne babban aboki.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Na gode wa mai facin da ya ara mini keke, da Malam Ladan da ya ƙona mansa. Malam Magaji kuwa, ranar ɗaurin aure zan tuɓe takalmi in gaishe shi, amma Allah ya ga zuciyata.