Rijiyar da Na Ƙwace a Zaman Makokin Kawu

Shi ɗan kawuna ne, ni ɗan gwaggonsa, wato taubasai muke. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa kamar mutane ba. In ya hango ni a hanyar gona sai ya ɗaga murya, "Bawana, yau ma ka makara!" Ni kuma in ce, "Wa ya kwance akuyar nan?" Ba a taɓa raba gardamar wanda yake bawan wani ba a tsakaninmu. Gonarsu da tamu a manne suke, kuma a duk yankinmu, inda kowa ke dasa gamba a kan iyaka don taƙi ɗaya na ƙasa, mu babu komai a tsakani sai wata tsohuwar ɗorawa. In kunyar da na tayar ta shiga gonarsa sai ya ce bawa ya yi wa ubangidansa noma.

Da rani yana zuwa birni aikin gini a unguwar Rijiyar Zaki. Daga can ya dawo da wani wasa a wayarsa. Ya ce bai ma fito ba tukuna, gwaji ake yi, sai wanda aka gayyata, shi kuma ya samo mini gurbi. Duniyar wasan hamada ce. Kowa yana da ɗan ƙaramin garinsa, kuma komai da ruwa ake yinsa: gini, shuka, ciyar da mayaƙa. Rijiyoyi kaɗan ne, mutane da yawa. Wanda ba shi da ruwa sai ya kwaso na wani. Akwai garkuwa da kake ɗora wa garinka ta tsare shi, amma tana ƙarewa, sai ka shiga ka sabunta.

Ni firamare kawai na yi, Turancin wasan ma shi yake fassara mini. Ya sa ni a ƙungiyarsu, akwai 'yan Tsanyawa, akwai wani malamin makaranta a Dawakin Tofa, sauran ban san ko su waye ba. Dokarsu ɗaya ce, ɗan ƙungiya ba ya taɓa ɗan ƙungiya.

Shi ya riƙe babbar rijiyar yankinmu a wasan. Tawa ƙarama ce, kafin a yi la'asar ta ƙafe. Kullum sai ya aiko mini da ruwa, sannan in mun haɗu a gindin ɗorawa ya ce, "Ka sha, bawa? Ka yi godiya." Ina dariya, amma abin yana cina a rai, ban gaya wa kowa ba. Sai kuma magana ta bazu cewa duk wanda ya riƙe babbar rijiya har a rufe gwaji, da ita zai fara in wasan ya fito. Ba wanda ya san daga ina maganar ta taso. Na yarda da ita don ina so ta zama gaskiya.

Ana cikin haka Kawu ya rasu. Da hannuna na kama makara. Da muka dawo daga maƙabarta, ɗan kawun nawa ya ja ni gefe, idonsa jajir, ya ce ya ba matarsa wayar ta ajiye, ba zai taɓa ta ba sai an yi sadakar uku.

"Garkuwata za ta faɗi gobe bayan azahar," in ji shi. "Ka sa mini ido, bawa."

Na ce, "Ka bar wannan maganar."

Washegari ina zaune kusa da shi a tabarma a ƙofar gida, mutane suna zuwa suna addu'a suna tafiya. Da aka idar da azahar na ɗauki buta na zaga bayan katanga. Ba zan ce shaiɗan ya fizge ni ba, don abin ba dannawa ɗaya ba ne. Sai da na fita daga ƙungiya, wasan ya tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Na tara mayaƙa, na tura, na tsaya riƙe da buta ina kallon su suna tafiya a kan yashi har suka isa. Na kwashe ruwan, na karɓe rijiyar. Sannan na zuba ruwan butar a ƙasa don kada a ga na dawo da ita cike, na koma na zauna. An kawo tuwo daga maƙwabta. Na tura masa kwanon na ce, "Daure ka ci, tun jiya ba ka sa komai a cikinka ba."

Bayan sadakar uku ya same ni a gona. Na riga na shirya abin da zan faɗa, don haka tun daga nesa na fara dariya.

"Ubangida ya karɓi kayansa! Ai wasa ne, taubashi. Hularka nawa na ƙwace a duniya?"

Bai yi dariya ba. Ya miƙo mini wayar, inda wasan yake rubuta wanda ya kawo hari da lokacin da ya kawo.

"Biyu da kwata," ya ce. "Da ka dawo ne ka ce in ci tuwo?"

Na ce zan mayar masa yanzun nan.

"Bar ta. Ni na ɗauka kusa da ni kake zaune."

Ya juya ya tafi. A ranar ya goge wasan daga wayarsa. 'Yan ƙungiya suka taru suka yi ta kai mini hari, malamin nan na Dawakin Tofa ya rubuto mini kalma biyu, "Ba kyau." Na riƙe rijiyar duk da haka, na hana kaina sukuni a kanta, don in na sake ta, to me na saya da abin da na yi? Bayan 'yan makonni aka rufe gwajin, aka share komai, gari da rijiya da sunan kowa. Suka ce in wasan ya fito kowa daga farko zai soma. Har yau bai fito ba.

Da damina ta faɗi na je gona na tarar da shi da mai unguwa da igiya. Suka auna daga ɗorawa zuwa hanya, ya kuma bar mini fiye da haƙƙina, na gani da idona. Ya durƙusa ya dasa gamba a layi.

Na je gidansa na roƙe shi gafara, ba sau ɗaya ba. Inna ma ta kira shi, ita da take ƙanwar mahaifinsa, ta yi masa kuka. Ya ce, "Gwaggo, wallahi na yafe masa duniya da lahira." Na kuma san da gaske yake. Da matata ta haihu shi ya fara zuwa barka. To me kuma zan roƙa?

Ranar kasuwar Tsanyawa da ta wuce na gan shi yana taya buhun taki. Na yi ƙarfin hali na matsa, na ce da ƙarfi yadda mutane za su ji, "Wa ya kwance akuyar nan?"

Ya juyo, ya miƙo mini hannu biyu.

"Malam, barka da kasuwa. Ya iyali?"

Na ce lafiya lau. Gambar ta kai ƙuguna yanzu. In ina noma a gefena ina jin ƙarar fartanyarsa, kuma ko na makara ba ya cewa komai.